Gyaɗa da Danginta na Daji: Yadda Ake Nemo Gadon da Noma Ya Zubar

Idan aka yanki tsinin saiwar gyaɗa, aka rina shi, aka murƙushe shi a kan ɗan gilashi, aka leƙa ta madubin ƙara girma, za a ƙirga wasu 'yan sanduna guda 40 a cikin kowane tantanin halitta. Su ake kira kuromosom. A jikinsu aka jera ƙwayoyin gado, wato umarnin da ke cewa ganye ya yi faɗi kaza, ƙwaya ta tara mai kaza, cuta kaza ta kama tsiron ko ta bar shi. Gyaɗa tana da dangi a dazuzzukan Kudancin Amurka, jinsi kusan 80, a Brazil da Bolibiya da Faragwai da Ajantina da Yurugwai. In aka ƙirga nasu sandunan, yawancinsu 20 ne. Wannan tazara ta 40 da 20 ita ce ta raba gyaɗar noma da 'yan'uwanta tsawon dubban shekaru, kuma duk wanda ya fahimce ta ya kama bakin zaren maganar barbarar tsirran daji da amfanin gona masu ba da mai.

Gyaɗar da ake nomawa ɗiyar iyaye biyu ce. Uwarta ana kiranta Arachis duranensis, ubanta Arachis ipaensis, kowannensu da sanduna 20. Ƙasa da shekara 10,000 da suka wuce, garin furen ɗaya ya sauka a kan ɗayan, aka samu ɗa. Irin wannan ɗa bakarare ne, kamar alfadari. Amma sai wani abu da ba kasafai yake aukuwa ba ya auku: sandunansa suka ninka kansu, 20 suka koma 40, kowace sanda ta samu abokiyar zama, tsiron ya iya haihuwa. Daga wannan haɗuwa duk gyaɗar duniya ta fito. Ninkin da ya ba ta haihuwa kuwa shi ne ya toshe hanya tsakaninta da sauran dangi, domin mai 40 ba ya haihuwa salin alin da mai 20. Ga shi kuma gyaɗa ita ke yi wa kanta barbara tun furen bai gama buɗewa ba. Saboda haka ta shigo duniya da ɗan guzurin gado, aka rufe ƙofa a bayanta.

Kanola, wani tsiro ɗan zuriyar kabeji da ake matse mai daga ƙwayarsa, ita ma haka labarinta yake. Furen rana da waken soya ba su sami irin wannan sabon ninki ba, amma su ma sun bi ta ƙunƙuntacciyar ƙofa. Manomin farko ya ɗebi abin da ya yi masa daga daji: mai manyan ƙwayoyi, wanda ba ya zubar da 'ya'yansa a ƙasa, wanda yake nuna lokaci guda. Abin da bai ɗeba ba ya ci gaba da zama a daji yana kokawa da fari, da gishirin ƙasa, da tsatsa, da tsutsa, ba taki ba feshi. Duk wanda ya kasa ya mutu, wanda ya jure ya haifi masu juriya. Wannan juriyar ce masu kyautata iri suke komawa nema a yau.

Kafin a je neman, sai an san waye dangin waye, kuma kusancin ya kai ina. Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane. Tsirrai biyu na iya yin kama a ganye da fure alhali sun rabu tun miliyoyin shekaru, wasu kuma ido ya ce ba su haɗa komai ba, a iske ɗaki ɗaya suka fito.

Hanyar farko da masana suka bi ta gane dangantaka ita ce barbarar kanta. A haɗa biyu, a ga ko za su haihu, sannan a leƙa cikin furen ɗan da aka samu a lokacin da yake shirya garin furensa. A wannan lokaci kowace sanda takan nemi takwararta su jeru biyu-biyu kafin a raba su. In sandunan uwa da na uba sun gane juna sun rungumi juna, iyayen dangi ne na kusa. In kowace ta tsaya ita kaɗai kamar baƙuwa, nesa ta yi yawa, rabon zai cuɗe, garin furen ya fito fanko. Abin da ke damun alfadari ke nan: doki na da 64, jaki na da 62, shi kuma ya tashi da 63 waɗanda ba su jeruwa daidai.

Da wannan hanya wani masani ɗan asalin Koriya da ya yi aiki a Japan, Woo Jang-choon, wanda aka fi sani da U, ya warware wani ƙulli a 1935. Ya nuna cewa a zuriyar kabeji da mastad akwai tushe uku: Brassica rapa mai sanduna 20, Brassica nigra mai 16, da Brassica oleracea, wato kabeji da 'yan'uwansa, mai 18. In aka haɗa su biyu-biyu sai wasu jinsi uku su fito. Rapa da kabeji, 20 da 18, sun ba da 38, wanda shi ne Brassica napus, tushen kanola. Rapa da nigra sun ba da mastad ɗin Indiya mai 36. Nigra da kabeji sun ba da mastad ɗin Habasha mai 34. Bai tsaya ga lissafi ba, ya haɗa iyayen da hannunsa ya samu tsiro irin napus. Abin da ya burge ni a aikin nan shi ne an yi shi da madubi da haƙuri kawai, kusan shekara 20 kafin a san siffar DNA, wato sinadarin da gado ke rubuce a jikinsa, kuma da aka karanta gadon kanola gaba ɗaya a 2014, sai karatun ya gaskata shi.

A 1971 Jack Harlan da Jan de Wet suka tsara abin zuwa da'ira uku, kuma har yau da tsarinsu ake aiki. Da'ira ta farko ita ce dangin da suke haihuwa da amfanin gona ba wahala, 'ya'yan kuma su haihu. Waken soya da kakansa na daji, Glycine soja, a nan suke, haka furen rana na gona da na daji masu suna ɗaya, Helianthus annuus. Da'ira ta biyu ana samun 'ya'ya amma raunana ne ko masu ƙarancin haihuwa. Ta uku kuwa sai da dabarun ɗakin gwaji, kamar dangin waken soya na Ostireliya masu shekaru da yawa a raye, waɗanda aka daɗe ana fama kafin a samu zuriya mai haihuwa daga gare su.

Daga 1980 zuwa yau sai aka koma karanta DNA kai tsaye. Da farko 'yan gurabe ake dubawa, kamar mai neman tambari a jikin dabba. Yanzu ana duba dubban gurabe a lokaci guda, ko a karanta gadon baki ɗaya. Kwamfuta ta ƙirga wuraren da tsirrai biyu suka yi daidai da inda suka saɓa, ta zana bishiyar salsala. Da aka karanta gadon iyayen gyaɗa biyu a 2016, an iske ipaensis ya yi daidai da rabin gadon gyaɗar noma da kusan kashi 99.96 cikin 100. Irin wannan kusanci yana nufin tsiron da aka tsinta a kudancin Bolibiya jikan ainihin garken da ya haifi gyaɗa ne. An kuma gane wace ce uwa ta hanyar duba gadon da ke cikin koren ganye, domin shi a yawancin tsirrai ta wajen uwa kaɗai yake bi.

Sai dai bishiyar da kwamfuta ta zana ba ta faɗin komai da komai, kuma a nan mutane da yawa suke ruɗewa. Furen rana na gona da Helianthus petiolaris duk sanduna 34 gare su, kuma a bishiyar salsala maƙwabta ne. Amma a tsawon zamani wasu guntayen sandunansu sun juye, wasu sun yi ƙaura daga wannan sanda zuwa waccan, don haka ɗan da suka haifa ƙalilan ne daga garin furensa ke da rai. Ga kuma wata matsala: tsirrai ba su cika bin tsarin bishiya ba, rassansu sukan sake haɗewa. Loren Rieseberg ya nuna cewa jinsi uku na furen ranar daji a Amurka, anomalus da deserticola da paradoxus, duk daga auren petiolaris da annuus na daji suka fito, kuma kowanne ya je ya zauna inda iyayensa ba sa iya zama, ɗaya a tudun yashi, ɗaya a hamada, ɗaya a fadama mai gishiri. Sanin kusanci yana nuna wa mai bincike inda zai fara ƙwanƙwasawa. Ko ƙofar za ta buɗe, sai ya gwada.

Gwajin kuwa aikin hannu ne mai cin rai. Mai barbarar gyaɗa yakan shiga wurin rainon tsirrai da yamma, ya nemi tohon furen da zai buɗe gobe, ɗan ƙarami ne ƙwarai. Da ɗan hantsaki zai buɗe shi a hankali ya tsince sassan namiji ɗaya bayan ɗaya, ba tare da ya ƙwarzane macen ba, ya ɗaura zare mai launi don kada ya ɓace masa. Da sassafe ya dawo da garin furen ɗan daji ya shafa. In an dace, bayan kamar mako guda wani ɗan tsinke zai fito daga gindin furen ya sunkuya ya nufi ƙasa, a ƙarƙashinta kwanson zai ƙullu. In dangin na nesa ne, sau da yawa tsinken zai fito amma ɗan tayin ya mutu a hanya, saboda abincin da ya kamata ya kewaye shi a cikin ƙwaya bai ƙullu ba. A nan ake fiɗo ɗan tayin tun yana ɗigo, a sa shi cikin kwalba a kan wani kunu mai sukari da sinadaran abinci, a raine shi har ya yi saiwa da ganye.

In ɗan ya rayu, saura maganin rashin haihuwa. A 1937 aka gano cewa wani sinadari mai suna kolcisin, da ake samu daga wani fure mai dafi, yana hana sanduna rabuwa yayin da tantani ke tsagewa biyu, sai adadinsu ya ninka. Wato abin da ya faru da gyaɗa sau ɗaya bisa ƙaddara, yanzu ana iya yin sa da gangan. Hanya biyu ake bi. Ta farko a haɗa gyaɗa mai 40 da ɗan daji mai 20, a samu bakarare mai 30, a ninka shi ya zama 60, sannan a yi ta shuka zuriyarsa har sandunan da suka yi yawa su zube a dawo 40. An bi wannan hanya a jami'ar jihar Karolina ta Arewa a shekarun 1960. Ta biyu a haɗa 'yan daji biyu tukuna, a ninka ɗansu ya zama mai 40, sannan a aura masa gyaɗar gona a matsayin tsara. Charles Simpson na Texas ya yi haka da jinsi uku, cardenasii da diogoi da batizocoi, kuma daga wannan gada aka fitar da irin COAN a 1999, gyaɗa ta farko da ke jure tsutsar da ke kumbura saiwa.

A lura da tazarar. Tsakanin barbarar farko da irin da manomi zai shuka, shekaru ne masu yawa, kuma dalilin shi ne ɗan daji ba ya ba da kyautarsa ita kaɗai. Tare da juriyar yakan turo ƙananan ƙwayoyi, da yaɗo, da ɗaci, da kwanso mai tsinkewa ya zauna a ƙasa. Georgii Karpechenko ya ga haka a Rasha a shekarun 1920, da ya haɗa radish, wani kayan lambu da ake cin saiwarsa, da kabeji ya samu tsiro mai haihuwa mai sanduna 36. Sai tsiron ya ɗauko ganyen radish da saiwar kabeji, wato daga kowane gida ya kwaso abin da ba a ci.

Maganin shi ne a riƙa mayar da zuriyar ga iyayenta na gona. Ɗan farko rabi da rabi ne. In aka aura masa irin gona, jikan zai zama kashi 75 na gona, na gaba 87.5, na gaba da shi 93.75, a haka har gadon daji ya rage kaɗan, ana zaɓar masu juriya a kowane zagaye. A takarda lissafin ya yi kyau. A gona kuwa ƙwayoyin gado da ke maƙwabtaka a sanda ɗaya tare suke tafiya, kuma in guntun ya fito daga dangi na nesa, sandar gona ba ta cika yarda ta yi musaya da shi ba, sai ya zauna dunƙule guda, mai kyau da marar kyau a manne. Kanola ta sha wannan. A 1968 Ogura ya gano wani radish a Japan wanda ba ya yin garin fure, hali mai daraja ga masu samar da iri mai aure, wato irin da ake samu daga haɗa iyaye biyu daban, domin tsiron ba zai yi wa kansa barbara ba. Da aka shigar da shi kanola a Faransa, ganyen tsirran suka riƙa yin rawaya in sanyi ya sauka, sai da Georges Pelletier da abokan aikinsa suka narkar da tantanin tsirrai biyu suka haɗe su a farkon shekarun 1980 kafin a rabu da wannan. Ƙwayar gadon da ke dawo da haihuwa ita ma daga radish aka ɗauko ta, ta zo manne da halin da ke ƙara sinadarin ɗaci a dusar, aka shafe shekaru ana yanke guntun. A nan ne karatun DNA ya fi yin rana a ganina, fiye da zanen bishiya. Yau mai bincike zai tsinki ɗan ganye daga tsirrai ɗari biyar tun suna jarirai, ya ga wanne ne ya ɗauko guntun daji mafi gajarta, ya ajiye shi ya zubar da saura.

Furen rana shi ne ya fi kowa cin moriyar danginsa. A 1969 Patrice Leclercq a Faransa ya samu tsirran da ba su yin garin fure daga zuriyar petiolaris da furen rana na gona, a 1970 kuma Murray Kinman a Amurka ya gano ƙwayar gadon da ke dawo da haihuwar. Da waɗannan biyu aka iya samar da iri mai aure a manyan gonaki ba tare da an bi kowane fure da hannu ba, kuma kusan duk irin furen rana mai aure da ake sayarwa a duniya yana ɗauke da wannan gado guda. Wannan nasara ce, amma tana tayar mini da hankali. Masarar Amurka ta taɓa dogara da gado guda irin wannan, a 1970 wata cutar ganye ta same shi daidai, ta cinye kusan kashi 15 cikin 100 na amfanin shekarar. An je daji neman faɗaɗa gado, sai aka ɗauko abu ɗaya aka shimfiɗa shi a duk duniya.

Ostireliya ta ga irin wannan a kanola. A 2000 aka fitar da wani iri mai suna Surpass 400, wanda ya samo juriyar cutar baƙin kara daga wani rapa na daji. Juriyar ta yi ƙarfi har kamar cutar ta ƙare, manoma suka rungume shi. Amma ta rataya ne a kan 'yan ƙwayoyin gado kaɗan, naman gwarin da ke kawo cutar kuma yana hayayyafa da yawan gaske yana sauya kama. Zuwa 2003 a yankin Eyre na kudancin ƙasar, cutar ta karya juriyar, wasu gonaki suka yi asarar mafi yawan amfaninsu. Abin da daji ya daɗe yana ginawa, shekara uku ta ishe shi rushewa da aka bar shi shi kaɗai a fili. Shi ya sa masu aikin yanzu suke tara ƙwayoyin juriya da dama a iri ɗaya, suna kuma juya iri daga shekara zuwa shekara.

Zirga-zirgar gado kuma ba hanya ɗaya take bi ba. A 1996 aka tsinci furen ranar daji a wata gonar waken soya a Kansas wanda maganin kashe ciyawa ya daina kashe shi, bayan an yi shekaru ana fesa magani iri ɗaya. Masu kyautata iri suka ɗauki halin suka sa wa na gona. To ƙudan zuman da ke kai garin fure daga daji zuwa gona shi ne kuma ke kai shi daga gona zuwa daji, don haka inda amfanin gona ke zaune kusa da danginsa na da'irar farko, duk halin da aka sa masa yana iya tsallake shinge.

Akwai wani bincike da aka wallafa a 2021 wanda nake ganin ya kamata duk mai ruwa da tsaki a harkar noma ya san shi. David Bertioli da abokan aikinsa sun bi sawun wani samfuri guda na Arachis cardenasii, mai lamba GKP 10017, wanda aka ɗebo a Bolibiya. Zuriyarsa ta bi hannu zuwa hannu, daga Amurka zuwa Indiya zuwa wasu wurare, har takardun asali suka ɓace, masu shuka ta ba su san da jinin daji a cikinta ba. Da aka duba DNA sai ga guntayensa a ire-iren gyaɗa masu jure tsatsa da ɗigon ganye a Afirka da Asiya da Oshiyaniya da nahiyoyin Amurka. Da tsohuwar zuma ake magani: 'yan ƙwayoyin da wasu mutum uku suka tono suka zuba a jaka sun rage wa manoman da ba su taɓa jin sunan tsiron ba kuɗin feshi da asarar kaka.

Irin wannan tafiya ta yi wuya a yau. Yarjejeniyar kare halittu ta 1992 ta tabbatar wa kowace ƙasa iko a kan tsirranta, kuma akwai gaskiya a ciki, domin an daɗe ana kwasar dukiyar ƙasashe matalauta ba tare da ko na gode ba. Amma sakamakon shi ne ɗebo sabbin samfura da musayarsu sun ja baya sosai. Yarjejeniyar iri ta duniya da aka amince da ita a 2001 ta buɗe hanyar musaya ga amfanin gona 64. Furen rana da dangin kabeji suna cikin jerin, gyaɗa da waken soya da kwakwar manja ba su ciki. A gefe guda kuma dazuzzukan da dangin suke zaune ana share su ana mayar da su gonaki da makiyaya. Wani nazari na 2016 ya duba dangin daji 1,076 na amfanin gona 81, ya iske kusan kashi 29 cikin 100 ba su da ko samfuri ɗaya a rumbunan adana iri na duniya.

Shi kansa ipaensis, uban gyaɗa, a wuri ɗaya tak aka taɓa samunsa a daji, can kudancin Bolibiya, a shekarun 1970. Duk wanda ake amfani da shi yau a ɗakunan bincike, har da wanda aka sake aura wa duranensis don a maimaita haihuwar gyaɗa daga tushe a buɗe mata ƙofar da ta rufe, daga wannan ɗiba guda ya fito.